Tafkin Nyos: Dutsen da Ya Yi Kisa Ba Tare da Wuta Ba

Ranar Alhamis, 21 ga Agusta 1986, kwanaki kaɗan bayan Babbar Sallah, da misalin ƙarfe tara na dare, mutanen ƙauyukan da ke gindin tafkin Nyos a arewa maso yammacin Kamaru suka ji rugugi daga wajen tafkin. Damina ce, don haka ba kowa ya damu ba. Wasu sun riga sun kwanta, wasu suna hira a bakin murhu, makiyaya kuma suna rugagensu a jikin tuddai. Kafin gari ya waye mutum 1,746 sun riga mu gidan gaskiya, tare da dabbobi kimanin 3,500, galibinsu shanu. Babu ɗakin da ya ƙone, babu katangar da ta faɗi. Masara tana tsaye a gona yadda aka bar ta.

Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a nan Zariya. Duk shekarar da muka iso darasin dutse mai aman wuta, abin da ke cikin kan ɗalibai ɗaya ne: tsauni mai tsini, jan narkakken dutse yana malalowa, mutane suna gudu. Hoton gaskiya ne, amma ya sa muna ɗaukar lamarin a matsayin masifar mutanen nesa, su Indonesiya da Italiya. Alhali bala'in da ya fi kusa da mu a wannan fanni ya faru ne a maƙwabta, ya ci Fulani makiyaya irin waɗanda muke gani kullum a hanyar Shika da Giwa, kuma ruwan tafkin da ya haddasa shi cikin Najeriya yake gangarowa. Shi ya sa nake son a bi wannan lamari daki-daki.

Yadda daren ya kasance

Abin da ya fito daga tafkin iska ce, wadda masana ke kira kabon dayoksaid, wato irin iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi. A sararin da muke shaƙa ba ta kai ko kashi ɗaya cikin dubu ba, shi ya sa ba ta cutar da mu. Idan ta haura kashi goma cikin ɗari, mutum zai suma cikin 'yan mintoci, idan kuma ba a janye shi ba sai dai gawarsa. Ba ta da launi. Ta kuma fi iskar duniya nauyi da kusan rabi, don haka ba ta tashi sama ta watse nan take, gangare take bi ta kwanta a kwari.

Nyos yana kan tudu ne, ƙauyuka suna ƙasansa. Iskar ta tumbatso daga bakin tafkin, kaurinta ya kai mita 50, ta bi kwari da gudun kilomita 20 zuwa 50 a awa. Ta fara da ƙauyen Nyos, inda waɗanda suka tsira ba su taka kara sun karya ba, ta wuce Cha da Subum, ta yi kisa har nisan kilomita 25. Masana sun saɓa a kan yawanta: wasu sun ƙiyasta tan 100,000 zuwa 300,000, wasu sun kai shi sama da tan miliyan ɗaya.

Waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana sun ba da labari iri ɗaya. Sun ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ko na albarushi, jiki ya mutu, sai barci. Wasu sun farka bayan awoyi, wasu sai da suka shafe fiye da yini guda a sume. Mutum ya buɗe ido ya ga matarsa da 'ya'yansa a inda suka kwanta, ya taɓa su ya ji sanyi. Ya fita tsakar gida ya tarar da kaji da awaki a zube. Fitilu duk sun mutu alhali da mai a cikinsu. Waɗanda suka fara isa wurin sun ce abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne ba ƙuda ko ɗaya a kan gawarwakin, ba ungulu a sama, domin su ma iskar ba ta bar su ba. Saboda rashin hanya mai kyau da rashin waya, sai da aka yi kwana biyu kafin labarin ya isa ga hukuma yadda ya kamata. An binne mutane da yawa a kabarin bai-ɗaya. Allah ya jiƙan Musulmin cikinsu, ya ba iyalan kowa haƙuri.

Da masu bincike suka zo, shanun ne suka nuna musu iyakar da iskar ta kai. A jikin tuddan da ke kewaye da tafkin akwai gawar shanu har kusan mita 100 sama da ruwan, daga can kuma sai ka ga garke yana kiwo lafiya lau. Ruga biyu da ke jin kiran juna, ta ƙasa ta ƙare, ta sama ba abin da ya same ta. Tafkin kansa, wanda aka sani da shuɗin ruwa, ya koma ja kamar tsatsa, ya ragu da kimanin mita ɗaya, kuma igiyar ruwa ta kankare ciyayi a wani gefensa har tsayin mita 25.

Inda iskar ta taru

Nyos rami ne da aman wuta ya haƙa. A zamanin da, narkakken dutse ya taso daga ƙasa ya haɗu da ruwan cikin ƙasa, wurin ya fashe, ya bar rami mai zurfi da ruwan sama ya cika daga baya. Zurfinsa ya kai mita 208. Yana kan jerin duwatsun aman wuta da ya miƙe kimanin kilomita 1,600, daga tsibiran Sao Tome da Bioko a cikin teku, ya bi ta Dutsen Kamaru wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000, ya nausa arewa, har reshensa ya shigo tsaunin Biu a jihar Borno.

Dutsen da ke ƙarƙashin Nyos ya daɗe da daina aman wuta, amma bai daina numfashi ba. Narkakken dutsen da ke can ƙasa yana sakin iskar kabon, ita kuma tana narkewa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, maɓuɓɓugai suna shigo da ita ta gindin tafkin. A nan zurfi yake yin aikinsa. Duk mita goma da ka nitse, nauyin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin duniya guda, saboda haka a mita 200 ya ninka kusan sau ashirin. Ruwan da aka danne haka yana iya haɗiye iska mai yawan gaske ya riƙe ta. Kwalbar lemo ce ba a buɗe ba: ka duba ta ka ga ruwa kwance, ka girgiza ka cire murfi ka ga abin da ke ciki. Murfin Nyos shi ne ruwan samansa.

Ɗalibi mai kaifin basira yakan tambaye ni a nan: to me ya hana dam ɗin Kubanni ko na Shika yin haka? Amsa biyu ce. Babu narkakken dutse a ƙarƙashinsu da zai ba su iskar, kuma ba su da zurfin riƙe ta. Iskar hunturu da sanyinsa suna juya ruwansu, na sama ya sauka, na ƙasa ya hau, duk abin da ya taru ya fice a hankali. Nyos kuwa yana cikin rami mai katangun dutse da ke tare masa iska, samansa da ɗumi duk shekara, ruwan gindinsa kuma ya fi nauyi saboda ma'adinan da suka narke a ciki. Sai ruwan ya zauna hawa-hawa ba ya gauraya, shekara da shekaru iskar tana taruwa.

Abin da ake buƙata kawai shi ne wani abu ya ɗaga ruwan ƙasan sama kaɗan. Da ya hau, nauyin da ke kansa ya ragu, sai ya fara kumfa. Kumfar ta sa shi ya yi sauƙi ya ƙara hawa da sauri, ya jawo na ƙasansa, shi ma ya yi kumfa, abin ya ci gaba da ciyar da kansa har ruwa ya yi tsiri sama kusan mita 100. Mafi yawan masana sun fi zargin zaftarewar dutse cikin tafkin, wasu kuma suna ganin ruwan sama mai sanyi na watan Agusta ne ya raunana murfin. Jan launin kuwa ƙarfe ne da ke narke a ruwan ƙasa, da ya haɗu da iskar sarari sai ya yi tsatsa.

Wannan iska ba baƙuwa ba ce a Zariya, ko da yake tamu ba daga aman wuta take fitowa ba. Masu yasar rijiya sun san ta tun kafin a kawo ta cikin littafi. A unguwarmu akwai wani dattijo da ya tsufa a sana'ar. Ran da aka kira shi yasar wata tsohuwar rijiya da ta daɗe a rufe, na ga bai tuɓe riga ba sai da ya kunna fitilar ƙwai, ya ɗaura ta a igiyar guga, ya riƙa zura ta a hankali yana leƙe. Tun ba ta kai ruwa ba harshen wutar ya ƙanƙance, ya yi ja, ya mutu. Na ce, "Baba, ko mai ne ya ƙare?" Ya ce, "A'a Malam, rijiyar ce ba ta da numfashi. Yau ba mai shiga." Ya sa aka bar ta a buɗe, yara suka ɗaure reshen darbejiya mai ganye suna zurawa suna jawowa don iska ta sauya. A rijiya, ruɓewar ganye da numfashin ƙasa ne ke tara iskar, amma halinta ɗaya da ta Nyos: tana kwanciya a ƙasa, ba a ganinta, kuma takan ci mutum biyu ko uku a jere, domin wanda ya ga ɗan'uwansa ya faɗi sai ya bi shi ciki. Ina ƙara wa ɗalibai cewa gwajin fitila yana da iyaka. Wuta tana iya ci gaba da ci a iskar da ta isa ta sumar da mutum, don haka mutuwar fitila hujja ce ta hana shiga, amma cinta ba lasisin shiga ba ne babu igiya a ƙugu da mutane a baki.

An yi gargaɗi

Abin da ya fi ci mini rai a wannan lamari shi ne Nyos ba shi ne na farko ba. Ranar 15 ga Agusta 1984, tafkin Monoun, kimanin kilomita 100 kudu maso gabas da Nyos, ya saki irin wannan iska ya kashe mutum 37, da yawansu a kan hanyar da ta bi ta kwari kusa da tafkin. Wani masanin aman wuta ɗan ƙasar Aisland da ke aiki a Amurka, Haraldur Sigurdsson, ya je ya auna ruwan, ya ce iskar kabon ce da ta taru a gindin tafki ta ɓalle. Ba a taɓa jin irin haka ba a lokacin, sai bayaninsa bai samu karɓuwa ba. Ba wanda ya je ya auna iskar da ke gindin Nyos. Wani matashin mai bincike, George Kling, ya ɗebi ruwan Nyos a 1985, amma na sama ne, kuma na sama lafiyarsa ƙalau.

Bayan bala'in ma sai da aka ɓata lokaci ana jayayya. A taron masana da aka yi a Yawunde a 1987, wani ɓangare ƙarƙashin fitaccen masanin Faransa Haroun Tazieff ya dage cewa aman wuta ne ya fashe a ƙarƙashin ruwa, ɗaya ɓangaren ya ce iskar da ta daɗe a ruwa ce. Wannan ba gardamar malamai ba ce kawai. Idan aman wuta ne, ba abin da za a iya sai kwashe mutane. Idan kuwa taruwa iskar take yi, to ana iya auna ta, ana iya zuƙe ta. Awon shekarun da suka biyo baya ya raba gardama, domin an ga iskar tana sake taruwa a gindin tafkin shekara bayan shekara.

A gari kuma jita-jita ta cike gurbin bayani. Firayim Ministan Isra'ila na lokacin, Shimon Peres, ya kai ziyara Kamaru kwanaki kaɗan bayan abin, tare da ayarin likitoci, sai magana ta bazu cewa gwajin wani bam aka yi. Har yau akwai masu riƙe da wannan. Ban ga laifin wanda ya rasa iyalinsa kaf a dare ɗaya ba idan ya kasa gamsuwa da cewa ruwa ne ya yi. Laifin yana kan waɗanda suka san bayanin amma ba su sauko da shi cikin harshen mutanen ba.

Bututu

Maganin da aka samo bai da wuya. Ayarin Michel Halbwachs na Faransa, tare da masana na Kamaru da Japan da Amurka, suka zura bututun roba daga kan wani dandamali mai yawo a ruwa har kusa da gindin tafkin. Ana tayar da shi da injin famfo sau ɗaya. Da ruwan ƙasa ya fara hawa ya yi kumfa, sai a kashe injin, domin kumfar da kanta za ta ci gaba da jawo ruwan. Wato abin da ya yi kisa a 1986 ne aka sa wa linzami. Da farko ruwan ya riƙa feshi sama kusan mita 50 dare da rana, iskar tana fita kaɗan-kaɗan yadda sarari zai shanye ta. An gwada a Monoun a 1992, a Nyos a 1995, amma bututun dindindin na farko bai fara aiki a Nyos ba sai 2001. Monoun ya samu nasa a 2003, aka ƙara biyu a Nyos a 2011. An kuma kafa na'urorin da ke busa jiniya idan iskar ta yi yawa, aka koya wa mutane su nufi tudu.

Shekara 15 ke nan tsakanin mutuwar mutum 1,746 da bututu guda na roba. Ba ilimi ne ya yi ƙaranci ba a tsawon lokacin, kuɗi ne da wanda zai tsaya a kan maganar.

Su kuwa waɗanda suka tsira, kimanin mutum 4,000 aka kwashe daga yankin, aka zaunar da su a sansanoni irin su Buabua da Kimbi da Ukpwa, aka hana komawa. Ga manomi, an raba shi da ƙasa mai albarka, domin ƙasar aman wuta tana da taki. Ga Bafulatani abin ya fi haka muni. Wanda garkensa ya ƙare a dare ɗaya ya rasa abincinsa da sadakin 'ya'yansa da matsayinsa a cikin dangi, kuma buhun shinkafar agaji ba ya mayar da ko ɗaya. Da shekaru suka ja, mutane da dama sun koma kwarin da kansu tun kafin a ce ya yi lafiya, saboda yunwar yau ta fi musu kusa da iskar da ba a san ranar zuwanta ba. Rikicin yankin masu magana da Ingilishi da ya ɓarke tun 2016 ya ƙara wahalar kai wa tafkin ziyara don duba kayan aikin.

Ina ya shafe mu

Lokacin da ƙasa ta motsa a Kwoi, kudancin jihar Kaduna, a Satumbar 2016, sannan a Mpape ta Abuja a 2018, tambayar da na fi sha a Zariya ita ce ko Dutsen Kufena zai iya fashewa wata rana. Ba zai yi ba. Duk wanda ya hau Kufena ya tsuguna ya dubi dutsen da kyau, zai ga ƙwayoyi manya-manya, farare da masu ɗan ja-ja da baƙaƙe masu ƙyalli, kowace ana iya nuna ta da yatsa. Ƙwaya ba ta girma haka sai dutse ya huce a hankali a can cikin ƙasa. Kufena da Madarkaci da sauran duwatsun Zazzau sun daskare ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, zaizayar ƙasa ce ta tone su ta bar su a tsaye. Dutsen aman wuta na Biu daban yake: baƙi ne, ƙwayarsa ba ta ganuwa, wani da ƙananan ramuka inda iska ta fice yana hucewa. Irinsa ne a Panyam da Kerang a jihar Filato, inda ake noman dankalin Turawa. Akwai ma tafkunan rami, Tila a yankin Biu da Pidong a ƙaramar hukumar Mangu. Ba su kusa da Nyos a zurfi ba, amma a ganina aiki ne da ya dace sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsa na Jos da Maiduguri su riƙa auna ruwan gindinsu lokaci-lokaci. Darasin Monoun ke nan, kuma kuɗinsa bai kai na taro guda a otal ba.

Haɗarin da ya fi tabbata gare mu ruwa ne. Gefen arewa na tafkin Nyos ba dutse mai ƙarfi ne ya tare shi ba, tarin toka da tsakuwar aman wuta ne da suka manne, tsayinsa kimanin mita 40, kaurinsa a inda ya fi siranta kimanin mita 45, kuma ruwa yana cinsa. Masana daga Amurka sun yi gargaɗi a kansa tun ƙarshen shekarun 1980, ayarin Majalisar Ɗinkin Duniya ya sake yi a 2005. Idan ya karye, ruwa kimanin kubik mita miliyan 50 zai gangaro ta kogin Katsina-Ala, ya shiga Taraba da Binuwai. Cire mita 40 na ruwa daga saman tafkin kuma cire murfin ne, sauran iskar da ke ƙasa za ta biyo baya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, kuma ambaliyar 2012 da ta 2022, da sakin ruwan dam ɗin Lagdo na Kamaru ya taimaka wajen tsanantawa, sun nuna mana yadda ruwan Kamaru yake isowa Makurɗi da Lokoja.

An ɗauki matakai biyu. A Kamaru an ƙarfafa wannan shinge da siminti da tallafin Tarayyar Turai. A Najeriya an gina dam ɗin Kashimbila a ƙaramar hukumar Takum ta jihar Taraba, a kan kogin Katsina-Ala, kuma babban dalilin gina shi tun farko shi ne ya tare ruwan Nyos idan ya ɓalle. Yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 500, yana da injinan lantarki na megawat 40, shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da shi a 2023.

A nan ne nake da damuwa. Dam ɗin da aka gina don tare ambaliya yana buƙatar a bar masa sarari a ciki, dam ɗin da ke ba da lantarki da ruwan noman rani kuwa kowa so yake ya gan shi cike. Lantarki ana ganin amfaninsa kullum, sararin da aka bari kuwa ba mai yaba shi sai ranar da aka buƙace shi, kuma Agusta, watan da Monoun da Nyos suka ɓalle, shi ne lokacin da kogin ke cika. Ya kamata 'yan majalisar Taraba da Binuwai da 'yan jarida su nemi a bayyana wa jama'a ƙa'idar da ake bi: mita nawa ake bari a Kashimbila a tsakiyar damina, wa ke da alhakin kiran wa daga ɓangaren Kamaru idan shingen ya tsage, kuma da wane harshe za a sanar da masunta da makiyayan da ke kwana a bakin kogin.